Farin ƙurajen baki: Ƙaramin ciwon da ke raba masu kansa da gashi a ƙasar Gobir

A watan Yulin 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu ciwon daji guda uku, ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sauran biyun a Inugu da Binin, cikin shida da aka yi alƙawari. Ga mutanen Arewa maso Yamma wannan labari ne mai daɗi, domin shekara da shekaru duk wanda likita ya ce sai an yi masa gashi, galibi idonsa na kan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ne ko kuma na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Idan na'urar wuri ɗaya ta tsaya, kamar yadda na'urorin gashi na asibitocin gwamnati suka sha yi, sai layi ya koma ɗaya wurin ko Abuja.

Sai dai duk rahoton da ya biyo ta teburinmu na tace labarai a kan wannan batu, maganarsa ɗaya ce: kuɗin na'ura, girman gini, da wanda ya yanke ƙyalle. Ba kasafai ake tambayar mutum nawa ne cikin waɗanda suka fara gashin suke kai wa ƙarshensa ba. Ga masu ciwon dajin baki da harshe da maƙogwaro, ɗaya daga cikin abubuwan da ke tsayar da su a tsakiyar hanya wani ɗan ciwo ne da maganinsa bai kai kuɗin motar zuwa Sakkwato ba, wato farin ƙurajen nan da ke lulluɓe harshe da dasashi da ganɗa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. Kuma babu inda wannan haki ya fi tsone ido kamar ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, tsohuwar ƙasar Gobir, inda kufan Alƙalawa yake.

Yadda ciwon ke samun ƙofa

Abin da ke haddasa farin ƙurajen wata ƙwayar fangas ce da likitoci ke kira Kandida, dangin yis ɗin da ake kwaɓa fanke da burodi da shi. Mafi yawan lokaci nau'in Candida albicans ne. Ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan'adam. Tana zaune a bakin mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya ba tare da ta yi musu komai ba, saboda yawu yana wanke ta dare da rana, sauran ƙwayoyin halittar da ke baki suna hana ta sakewa, garkuwar jiki kuma tana tsaye a kanta. Iyaye mata sun san ta a bakin jarirai, ma'aikatan jinya kuma sun san ta a bakin masu cutar ƙanjamau da masu ciwon suga.

Gashin ciwon dajin baki ba zama ɗaya ba ne. Yawanci zama 30 ne zuwa 35, sau ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako shida zuwa bakwai. Hasken da na'urar ke harbawa ba ya iya isa ga ƙarin ba tare da ya ratsa abin da ke kewaye da shi ba, kuma cikin abin da ke kewayen akwai maɓuɓɓugan yawu: manyan da ke gaban kunnuwa, daidai inda hangum ke kumbura yara, da waɗanda ke ƙarƙashin muƙamuƙi. Tun daga makon farko zuwa na biyu yawu ke fara raguwa, ya yi kauri, ya riƙa naɗewa kamar miyar kuɓewa. Daga mako na biyu zuwa na uku fatar cikin baki takan yi ja, ta saluɓe, ta zama gyambo. Idan an haɗa wa majinyaci da allurar kashe ƙwayoyin kansa, garkuwar jikinsa ma ta sauka. Ka ga ke nan mai gadi ya tafi, katanga ta rushe, abin da ke zaune a tsakar gida tun asali sai ya bazu.

Ba abu ne da ke samun ɗaiɗaiku ba. Wani bita da masana suka yi wa binciken ƙasashe daban-daban, wanda mujallar Supportive Care in Cancer ta wallafa a 2010, ya nuna cewa kafin a fara magani kimanin kashi 7.5 cikin 100 na masu ciwon daji ne ke da wannan ciwo a baki, amma a lokacin magani adadin kan haura zuwa kashi 39. A cikin waɗanda ake yi wa gashin kai da wuya, ya zarce mutum ɗaya cikin kowane uku. Akasarin binciken da aka tattara an yi shi ne a ƙasashen da majinyaci ke zuwa asibiti da wuri, da ƙoshinsa, kuma likitan haƙori ya duba shi kafin a fara. Namu majinyacin yakan iso ne bayan ƙari ya yi nisa, jiki ya riga ya zube. Ga kuma yanayin Sakkwato: zafin bazara da ke haura digiri 40, da iskar hunturu da ke tsage leɓen mai lafiya ma, balle wanda yawunsa ya ƙafe.

Wahalar farko ita ce gane shi. Ƙunar da gashin kansa ke yi tana barin wani farin yaɓi a kan gyambo, fangas ɗin ma fari ne kamar kindirmon da ya tsinke. Bambancin da ake koya wa ma'aikatan jinya shi ne na fangas yakan goge idan an shafa, ya bar wuri ja. Amma akwai nau'in da ba ya yin fari ko kaɗan, sai dai harshe ya yi jajir yana zugi, gefen baki ya tsattsage. Majinyacin da aka riga aka gaya masa cewa gashi zai ƙona masa baki, sai ya ɗauka duk ciwon ɗaya ne, ya yi shiru yana haƙuri da abin da kwana bakwai zuwa goma sha huɗu na magani zai kawar.

Daga nan sai cin abinci ya gagara. Tuwo ba ya haɗiyuwa, miya mai yaji kamar garwashi, kunun tsamiya da ake ba kowane marar lafiya a ƙasar Hausa shi ma tsaminsa yana yanka. Ɗanɗano ya ɓace, ruwa ma sai an daure. Rama a nan tana da wata illa da mutane ba su sani ba. Kafin a fara gashi ana ƙera wa majinyaci wani abin rufe fuska na roba daidai da girman kansa da wuyansa, wanda ake ɗaure shi da shi a gadon na'ura domin hasken ya sauka wuri ɗaya kullum. Idan ya rame ƙwarai, abin ya yi masa yawa, saitin ya goce, sai an sake awo da lissafi, wani lokaci da sabon kuɗi. Wani kuma sai an sa masa robar abinci ta hanci, ko a kwantar da shi a ƙara masa ruwa. Ko ta wace hanya aka bi, kwanaki suna tafiya.

Kwanakin nan su ne gundarin maganar. Ciwon dajin baki yana cikin waɗanda ba sa jira. Idan gashi ya yi nisa, ƙwayoyin ƙarin da suka rage sukan ƙara saurin hayayyafa, shi ya sa likitocin wannan fanni ke ƙin a tsallake ko da zama biyu ba tare da an rama ba. Ƙiyasin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne kowace rana ɗaya da aka ƙara a kan wa'adin gashin tana rage damar shawo kan ƙarin da kimanin kashi 1 cikin 100 ko sama da haka. Mako guda na hutu na iya cinye kusan kashi ɗaya cikin goma na damar da aka sayar da gona aka saya.

Hanyar Sabon Birni

Ga mazaunin birnin Sakkwato, bakin da ya ƙi cin abinci ranar Asabar zai iya ganin likita ranar Litinin. A ɗauki misalin ɗan kasuwar hatsi daga wani ƙauye na Sabon Birni ko Isa, a ga yadda lissafin ke canzawa. Ba zai iya zuwa ya koma kullum ba, don haka dole ya tare a Sakkwato mako bakwai, shi da mai jinyarsa, a gidan ɗan'uwa idan yana da shi, ko a barandar asibiti idan ba shi da shi. Gida kuma an bar iyali a yankin da manoma ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu. A mako na huɗu baki ya ƙi, guzuri ya ƙare, hankali ya koma gida. Sai 'yan'uwa su yanke shawarar da kowa zai fahimta: a kai shi gida ya ɗan huta, ya samu ƙarfi, a dawo.

Komawar ce ba ta da tabbas. A kan hanyoyin wannan yanki ne aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disambar 2021. A kan hanyar Sakkwato zuwa Sabon Birni ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a ƙarshen Yulin 2024, ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta. Hanyar da ba ta bar basarake ba, ba a yi wa talaka mai ciwo gorin jin tsoronta. Hutun kwana uku ya zama na mako uku, wani kuma daga nan ba a sake ganinsa sai a rubuta a fayil cewa ya daina zuwa, kamar shi ya ga dama.

Sabuwar cibiyar Katsina ba ta sauƙaƙa wa wannan mutum sosai ba. A taswira ba ta da nisa, amma hanyar ƙasa daga Isa ta bi ta Shinkafi da Ƙauran Namoda da Zurmi da Jibiya ne, sunayen da duk mai karanta jarida ya san abin da suke nufi a shekarun nan. Wasu matafiya kan gwammace su ratsa ta Maraɗi, inda Gobirawan Tsibiri 'yan'uwansu ne na jini, kuma inda dubban mutanen Sabon Birni suka yi gudun hijira. Amma wannan ma ya dogara ne ga zaman lafiyar iyaka, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har tsawon watanni. Ita kanta Nijar sai a 2021 ta buɗe sashen gashinta na farko, shi ma a Yamai, ɗaruruwan kilomita daga Maraɗi.

A gida kuwa, wanda ke tarbar majinyacin shi ne mai kemis, domin ƙananan asibitoci da dama a ƙauyukan yankin ma'aikatansu sun tsere. Ba na cikin masu zagin masu kemis. A wurare da yawa su kaɗai suka rage. Amma abin da aka saba miƙa wa mai ciwon baki shi ne kafso, ko ja-da-yalo ko Ampiclox, kuma waɗannan magungunan kashe bakteriya ne, ba sa taɓa fangas. Hasali ma share mata fage suke yi, domin suna kashe ƙwayoyin da ke gogayya da ita a baki. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na biyu ya fi muni. Ganin yadda mutum ya rame, wata 'yar'uwa mai kyakkyawar niyya sai ta kawo ƙwayoyin sa ƙiba irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai deksametason a cikinsu, maganin da ke danne garkuwar jiki kuma yake ciyar da fangas gaba. Ga masu shafa kanwa ko toka ko garin magani a kan gyambon da wuta ta riga ta ƙona. Ko shuɗin maganin nan da ake kira jibi, wanda aka daɗe ana shafa wa jarirai, yana rina baki ya hana likita ganin abin da ke ƙasa.

Maganin gaskiya ba ɓoyayye ba ne. Akwai na kurkurawa da shafawa irin su nistatin da mikonazol, akwai na haɗiya irin su fulukonazol, wanda ya fi dacewa idan baki ya bushe ƙwarai ko ciwon ya gangara maƙogwaro. Amma ba abin saya a sha da ka ba ne. Fulukonazol da mikonazol suna karo da wasu magunguna, musamman na tsinka jini, ruwan nistatin kuma yakan zo da suga wanda ke cin haƙoran da ba su da yawu. Sannan akwai nau'o'in Kandida da fulukonazol ba ya yi musu komai ko kuma yake yi da ƙyar, kuma shan rabin magani a ajiye, a sake ɗauka bayan wata guda, shi ne ke ba irin waɗannan damar mamaye baki. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin ƙwayoyin fangas 19 masu haɗari da ta fitar a karon farko a watan Oktobar 2022, ta sa Candida albicans a rukunin farko. Ciwon kuma ba ya ƙarewa da ƙarewar gashi. Bushewar baki kan ɗauki watanni ko shekaru, ga wasu har abada, don haka farin ƙurajen kan yi ta dawowa a lokacin da majinyaci ya riga ya koma ƙauye.

Inda kuɗin ba ya zuwa

Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta 2022 ta nuna Najeriya na samun sababbin masu ciwon daji kusan 128,000 a shekara, kusan 80,000 kuma na mutuwa. Asusun tallafa wa masu kansa marasa galihu da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 an gina shi ne a kan nau'i uku: na mama, na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Akwai hujja, su ne suka fi yawa. Amma sakamakon shi ne mai ciwon dajin harshe ko muƙamuƙi ya tsaya a waje. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, Jihar Sakkwato ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, sai dai ma'aikacin gwamnati da ake cire wa a albashi ne ya fi sanin hanyarta, ba manomin Gatawa ba. Farashin magani kuwa, tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, kowane mai gida ya san labarinsa.

A ganina kuskuren yana cikin yadda muke fahimtar kalmar magani. Mun ɗauka na'urar ce magani, sauran abubuwan kuma ƙari ne da majinyaci zai ji da su. Alhali a wuraren da ake samun nasara, kula da baki ɓangare ne na gashin kansa. Likitan haƙori yana duba mutum tun kafin zaman farko, ya cire haƙoran da suka ruɓe, domin cire haƙori bayan gashi yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi da ba ya warkewa da sauƙi. Ana leƙa bakinsa kowane mako da tocila, ana auna nauyinsa. Ana koya wa mai jinya kurkure baki sau da yawa a rana da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri da bekin soda, da amfani da buroshi mai laushi a maimakon asuwaki mai tauri, da barin taba ko ta hayaƙi ko ta gari, da kurɓar ruwa a kai a kai. Abinci kuma a koma mai laushi marar zafi: kunun gyaɗa, ƙwai, fura da nono da ba a cika wa yaji da suga ba. Duk wannan, har da kwalbar nistatin da katin fulukonazol, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin gashin. Babu dalilin da zai hana a cusa shi cikin kuɗin gashin, a miƙa wa majinyaci a ranar farko, tare da takarda da Hausa, boko da ajami, da za ta gaya wa mai kemis na ƙauye abin da zai bayar da abin da ba zai bayar ba.

Abin mamakin shi ne Sakkwato ba ta buƙatar zuwa ko'ina koyon wannan darasi. A birnin ne Asibitin Yara Masu Cutar Noma yake tun 1999, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci fafutukar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disambar 2023. A can an daɗe da gane cewa ba a yi wa yaro tiyatar fuska sai an fara ciyar da shi, an ba uwarsa wurin kwana, an kuma tura ma'aikata ƙauyuka suna koyar da duba baki. A ƙauyukan ma sau da yawa suna ɗaya ake kiran cututtukan biyu da shi, ciwon daji. Ma'aikacin lafiyar da aka koya wa buɗe bakin yaro ya nemi alamar noma, awa guda ta isa a nuna masa yadda farin fangas yake a bakin babba, da kuma ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci: gyambon baki ko ƙullutun da ya wuce mako uku bai warke ba, asibiti ake tura shi.

Saura wurin kwana, wanda shi ne ke yanke hukuncin ko majinyaci zai zauna ko zai kama hanyar Goronyo a mako na huɗu. Wannan bai kamata ya jira kasafin Abuja ba. Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna karɓar kasonsu duk wata, 'yan asalin yankin kuma suna da ƙungiyoyi a kasuwannin Sakkwato da Kano da Legas, waɗanda ke tara kuɗi idan an yi rasuwa ko an sace wani. Hayar gida mai ɗaki huɗu kusa da asibitin koyarwa, da buhun gero da mai dafa kunu, zai riƙe majinyata huɗu da masu jinyarsu a lokaci guda, kowane rukuni mako bakwai, kusan mutum talatin a shekara.